Sufacaja: Ƙarin Ƙarfin Inji Bashi Ne, Wa Zai Biya?

'Yan uwa ɗalibai, a shekarar 2009 kamfanin Chevrolet na Amurka ya kai kasuwa da samfura daban-daban na motarsa mai gudu, Corvette. Biyu daga cikinsu girman injinsu ɗaya, lita 6.2, silinda takwas-takwas. Ta farko tana ba da ƙarfin doki 430. Ta biyu, wadda aka raɗa wa suna ZR1, tana ba da 638. Idan aka buɗe bonet ɗin ta biyun, abin da ido ke fara cin karo da shi wata na'ura ce da aka ɗora a saman injin, sunanta sufacaja. Aikinta ɗaya ne tak: ta kamo iska ta cusa wa inji da ƙarfin tsiya.

Duk mai sha'awar mota da ya ga waɗannan alƙaluma, tunani ɗaya ke zo masa: ashe dawaki ɗari biyu suna nan a cikin kwali, saye kawai za a yi a ɗaura. Kuma lallai a Amurka da Jamus da Japan akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su ƙera sufacaja su sayar wa masu motocin gudu da ke ganin ƙarfin da aka yi musu a masana'anta bai ishe su ba. Mu a wannan shafi ra'ayinmu shi ne, ƙarfin da sufacaja ke ƙarawa bashi ne ake ci. Inji zai biya, aljihu zai biya, birki da taya za su biya. Idan mai motar ya ƙi biyan nasa kason, wani bawan Allah da ke tafiyarsa a gefen titi ne zai biya masa. Wanda bai shirya biya duka ba, ya bar injinsa yadda maƙeransa suka bar shi.

Inji da iska yake rayuwa

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya ya san wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, kuma oksijin kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da muke shaƙa. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone tas, yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Don haka ƙara wa inji mai abu ne mai sauƙi, famfo da nozul sun isa. Iskar ce mai wuyar samu. Wanda ya ƙara mai bai ƙara iska ba, abin da zai samu baƙin hayaƙi ne da filogi mai kunkunniya.

Injin mota bugu huɗu yake yi: ya zuƙi iska da mai, ya matse su, filogi ya kunna su ƙone su tura fistan, sannan ya fitar da hayaƙi. Kowace silinda sau ɗaya take cika a cikin juyi biyu na karanshaf. To ku ɗauki biro. Inji mai lita 6.2 da ke juyi 6,000 a minti zai cika cikinsa sau 3,000, wato lita 18,600 na iska a minti guda. Kusan iyakarsa ke nan, domin nauyin iskar sarari ne kaɗai ke turo ta ciki idan fistan ya sauka ya bar mata wuri. Mai son ƙarin ƙarfi hanya uku gare shi: ya ƙara girman injin, ko ya ƙara saurin juyinsa, ko kuwa ya danna iska cikin silindar fiye da yadda za ta shiga da kanta.

Hanya ta uku ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa tsayawa a maƙera. Gawayi yana ci a hankali, yaron maƙeri ya kama zugazugi, nan da nan wuta ta yi jawur ta sassauta ƙarfe. Sufacaja zugazugin inji ce. Kuma wannan ba kwatance kawai ba ne. Wasu 'yan uwa biyu, Philander da Francis Roots na garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, sun yi rajistar na'urarsu ta hura iska a 1860, kuma an yi ta amfani da ita wajen zuga wutar narka ƙarfe da kai iska cikin ramukan haƙar ma'adinai tun kafin a san mota. Daga baya aka ɗauke ta aka kai ta inji. A 1921 Mercedes ta nuna motoci masu sufacaja a bajekolin motoci na Balin, a 1923 suka shiga kasuwa.

Yau iri uku aka fi sani. Akwai ta Roots, mai ƙarafa biyu da ke juyawa cikin juna suna kwasar iska. Akwai mai kama da sukurori biyu, wadda injiniya Alf Lysholm na ƙasar Suwidin ya inganta a shekarun 1930, ita tana matse iskar tun a cikinta. Sai mai kama da fanka a cikin katantanwa, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa gwargwadon saurin inji. Dukkansu bel ne ko giya ke juya su daga karanshaf. Nan suka bambanta da 'yar uwarsu tarbo, wadda Alfred Büchi na Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, ita hayaƙin salansa ke juya ta. Tarbo takan ɗan yi jinkiri kafin ta kama. Sufacaja kuwa da an taka totur ta amsa, abin da ya sa masu motocin gudu ke sonta ke nan.

Bashi na farko: zafi

Ku ɗauki famfon keke ku hura taya da sauri, sannan ku taɓa gindinsa. Za ku ji zafi. Iska duk lokacin da aka matse ta sai ta ɗauki zafi, kuma babu dabarar da za ta hana. Sufacajar ZR1 tana ƙara matsin da ya kai kusan kashi 70 cikin 100 a kan na iskar sarari. Idan iska mai digiri 40 ta shiga na'ura irin wannan, tana iya fitowa ta haura digiri 100, wato ta fi tafasasshen ruwa zafi. Iska mai zafi tana buɗewa, oksijin ɗin da ke cikin kowace lita ya ragu, sai wani ɓangare na ribar ya zube tun kafin a kai silinda. Dole ke nan a saka wata na'urar sanyaya iska tsakanin sufacaja da inji, ita kuma tana son nata lagireto da famfo da ruwa.

Bayan haka, daga makamashin da ke cikin fetur, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama motsi. Sauran zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Wanda ya ƙara ƙarfi da rabi, ya ƙara zafin da dole a kwashe da kusan rabi. Lagireton da aka auna don dawaki 430 ba zai yi wa 638 hidima ba.

Bashi na biyu: fashewar mai

A lafiyayyen inji, filogi ne ke kunna wuta, ita kuma ta bazu a tsanake ta cinye man. Idan zafi da matsi suka yi yawa, man da ke lungun silinda ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa. Direba zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kowace ƙara guduma ce a kan fistan. A injin da ke aiki da dukkan ƙarfinsa, 'yan daƙiƙoƙi sun isa su fasa gefen fistan, su karya ringi, ko su ƙone gaskit.

Maganin abu uku ne. Na ɗaya, fetur mai babbar lambar okten, wato mai jure matsi bai fashe ba. Na biyu, a rage yawan matsin da fistan ke yi. Na uku, a sake rubuta umarnin kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa, don ta san yawan man da za ta zuba da lokacin da za ta kunna filogi. Wannan na ukun ba aikin sifana ba ne. Aikin lissafi ne da gwaji a kan na'urar auna ƙarfin inji, kuma kuskure kaɗan a cikinsa ke raba mutum da injinsa.

Bashi na uku: ƙashin inji

Ƙarin wuta a silinda ƙarin duka ne a kan fistan, daga fistan zuwa konrod, zuwa karanshaf, zuwa kuloci, zuwa giya, har zuwa taya. Sarƙa ce, kuma inda ya fi rauni nan ke fara tsinkewa. Ita kanta sufacajar ba kyauta take juyawa ba. A motar Dodge Challenger Hellcat ta 2015, mai ƙarfin doki 707, juya sufacajar kaɗai yana cin kimanin dawaki 80 idan inji ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Wato ƙarfin wata ƙaramar mota sukutum ke tafiya wajen zuga, kuma shi ma fetur ake ƙonawa a samo shi.

Abin da ya faru a Le Mans

Gardamar nan ta girmi kakanninmu. A ƙarshen shekarun 1920 motocin Bentley na Ingila ne ke cin kasuwarsu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Ɗaya daga cikin direbobinsu, Sir Henry Birkin, ya dage cewa a ɗaura sufacaja a injin mai lita huɗu da rabi. Wanda ya kafa kamfanin, W. O. Bentley, ya ƙi. A ganinsa idan ana son ƙarfi a gina babban inji tun daga tushe, kamar nasa mai lita shida da rabi da ake kira Speed Six. Birkin bai haƙura ba. Ya samo injiniya Amherst Villiers ya ƙera masa sufacaja irin ta Roots, aka ɗaura ta a gaban lagireto, wata attajira mai suna Dorothy Paget ta zuba kuɗi. Ƙarfin injin tsere ya tashi daga kimanin doki 130 zuwa 240.

A tseren 1930 biyu daga cikin waɗannan motoci suka shiga fili. Birkin ya yi gudun da ya tayar da 'yan kallo tsaye, ya yi ta kokawa da Rudolf Caracciola na Jamus wanda ke tuƙa Mercedes, ita ma mai sufacaja. Birkin ne ya yi zagaye mafi sauri a tseren. Amma kafin awa 24 ta cika, injunan motocin biyu duk sun lalace, Mercedes ɗin ma ba ta ƙarasa ba. Speed Six, marar sufacaja, ita ta zo ta ɗaya, wata Speed Six ɗin ta zo ta biyu. Sau biyar Bentley ta ci Le Mans a wancan zamani, a 1924, 1927, 1928, 1929 da 1930, kuma babu ko ɗaya da aka ci da mota mai sufacaja. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa.

Darasin a fili yake. An ƙara wuta a injin da ba a gina ƙashinsa don ita ba, ya yi abin kallo na 'yan sa'o'i, sannan ya faɗi.

Yadda masu biyan bashi ke yi

Mu koma ga ZR1, domin ita misali ce ta waɗanda suka biya. Injiniyoyin Chevrolet ba ɗora sufacaja kawai suka yi suka rufe bonet ba. Sun rage matsin fistan daga 10.7 bisa 1 zuwa 9.1 bisa 1. Sun sauya fistan da waɗanda aka buga da matsi maimakon na zubi, don sun fi jure duka. Konrod suka yi shi da ƙarfen titaniyam. Suka saka ƙananan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin kowane fistan don sanyaya shi. Suka ƙara kaurin kusoshin da ke riƙe kan inji. Suka ɗora na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa. Suka saka kuloci mai faifai biyu, tayoyi masu faɗi, da birki na kabon da yumɓu na musamman wanda zafi ba ya sa shi laushi da wuri. Kowane inji kuma da hannu aka haɗa shi a wata masana'anta ta musamman a Wixom, jihar Mishigan.

Sakamakon ya bayyana a farashi. Corvette ta farko ba ta kai dala 50,000 ba, ZR1 kuwa ta haura dala 100,000. Sufacajar kanta ƙaramin kaso ce na wannan bambanci. Sauran kuɗin na abubuwan da ido ba ya gani ne, waɗanda su ke sa motar ta kai gudun kilomita 330 a awa ta kuma dawo gida da ƙafarta.

Kamfanin Dodge ma ya san abin da ya ƙera. Hellcat ta 2015 makulli biyu ta zo da su, ja da baƙi. Ja ne ke buɗe dawaki 707, baƙin yana tsayar da ita a 500. Kuma kamfanin ya riƙa haɗa wa mai saye da horon yini guda a makarantar koyon tuƙin gudu da ke jihar Arizona. Idan masu ƙera motar da kansu suna ganin ba kowane hannu ya dace da dukkan ƙarfinta ba, mu su wane ne da za mu ce ba komai?

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne mu kawo abin da masu goyon baya ke faɗa, kuma suna da hujja. Za su ce zamanin Birkin ya wuce. Ƙarafa sun inganta, kwamfutar mota tana jin fashewar mai ta ja baya da kanta kafin ɓarna ta auku. Za su kawo misalin Ford Mustang GT ta 2018, mai ƙarfin doki 460, wadda kamfanin Roush da sashen tsere na Ford suka yi wa sufacajar da ke kai ta 700, har da garantin shekara uku idan ƙwararren da aka amince da shi ne ya ɗaura. Za su ce kamfanin Lotus na Ingila ya ɗauki injin Toyota mai lita 1.8 ya ƙara masa sufacaja a motarsa Elise, ƙarfi ya tashi daga 189 zuwa 218, kuma motar ta zauna lafiya. Za su ƙara da cewa a wuri mai tudu, inda iska ta yi shara-shara, sufacaja maido da abin da aka rasa take yi. Injin da ya hau Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, yana rasa fiye da kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa. Don wannan dalili ne injin Merlin na jirgin yaƙin Spitfire ya dogara da sufacaja a sararin sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Duk mun yarda. Amma ku duba misalan da kyau, za ku ga namu ra'ayin suke ƙarfafawa. Kayan Roush ba na'ura ɗaya ba ce a kwali. Tana zuwa da manyan nozul, da na'urar sanyaya iska, da sabon umarnin kwamfuta da aka daɗe ana gwadawa, da sharaɗin fetur mai babbar lamba, da sharaɗin wanda zai ɗaura. Lotus kuwa dawaki 29 kacal ta ƙara, ta tsaya inda injin zai iya ɗauka. Kowannensu ya lissafa bashin kafin ya ci. Rigimarmu da wanda ke son dawakin ne ba ya son lissafin.

A ƙasashen da wannan sana'a ta yi ƙarfi ma ba a bar ta sakaka ba. A jihar Kalifoniya, kayan da za a ƙara wa inji sai sun sami amincewar hukumar kula da tsabtar iska kafin a hau titi da su. A Jamus sai masu binciken lafiyar mota sun duba an shigar da sauyin cikin takardu, in ba haka ba izinin motar na hawa titi ya faɗi. A Birtaniya wanda ya ɓoye wa kamfanin inshora cewa ya ƙara ƙarfin injinsa yana iya wayar gari ba shi da inshora ranar da ya fi buƙatarta.

Idan motar ta iso nan

Irin waɗannan motoci suna shigowa ƙasarmu, ana ganinsu jefi-jefi a Abuja da Legas da Kano da Kaduna. A nan bashin ninkuwa yake yi. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, wato iskar da sufacaja za ta fara da ita ta riga ta yi zafi, lagireton da zai sanyaya ta shi ma a cikin wannan zafin yake. Da hunturu ƙura ce ke toshe matatar iska, kuma inji mai haɗiyar dubban litoci a minti shi ya fi kowa shan ƙura. Galibin gidajen manmu nau'in fetur ɗaya suke sayarwa, babu zaɓin mai babbar lamba kamar yadda ake samu a Amurka ko Jamus. Ranar da aka yi ƙarancin mai kuwa, wa zai rantse a kan abin da ke cikin galan ɗin ɗan bumburutu? Sannan na'urar auna ƙarfin inji da wanda ya iya gyara umarnin kwamfuta ba a kowane gareji ake samunsu ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Bashin da ba a biya da kuɗi

Duk abin da muka lissafa a sama ƙarfe ne, kuma ƙarfe in ya lalace a sayi wani. Akwai bashin da ya fi wannan. Malaman fiziks sun koya mana cewa makamashin abu mai tafiya yana ƙaruwa ne da murabba'in saurinsa. In ka ninka gudu sau biyu, ka ninka nisan tsayawa sau huɗu. Mota a kan kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa. A kan 200 tana cin mita 56, fiye da rabin filin ƙwallo, a cikin daƙiƙa ɗayan da direba zai yi kafin ƙafarsa ta kai birki. A ce motar tana tsayawa a mita 35 daga gudun 100 a kan busasshiyar kwalta mai kyau. Daga gudun 200 sai ta ci mita 140. Ku haɗa da 56 ɗin farko, kun kusa filin ƙwallo biyu. Sufacaja tana rage lokacin da mota ke ɗauka ta kai wannan gudu, amma ba ta rage ko taku ɗaya daga nisan tsayawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ne waɗannan, da ƙannenmu da yayyenmu. A dokar hanya ta Najeriya, iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Motar gida mafi sauƙi tana kai wannan ba tare da nishi ba. To dawaki 700 a ina za a sake su? Le Mans da makarantar Arizona filaye ne da aka killace, akwai shinge, akwai motar asibiti a tsaye, babu mai tallar gyaɗa, babu Keke Napep, babu yaro ɗan firamare da zai tsallaka. Titunanmu kuwa da su duka ake tafiya.

Kuma kada wani ya ce wannan zancen masu kuɗi ne, bai shafe mu ba. Halin ɗaya ne, girman injin ne ya bambanta. Saurayin da ke wasan mota ranar ɗaurin aure yana juyi a tsakiyar jama'a, da yaron da ya fasa salansar babur don unguwa ta ji wucewarsa, da wanda ya saci makullin motar Baba da daddare, duk ƙarfi suke nema ba tare da sun tambayi wanda zai biya ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Abin da muke kira a yi

Ba mu ce a daina son mota ba. Wanda ƙarar inji ke sa gabansa faɗuwa don daɗi yana da wata baiwa da ƙasar nan ke nema. Muna cewa ne a kai son inda zai yi amfani. Duk abin da ya sa ZR1 ta rayu, motar Birkin ta faɗi, yana cikin littattafan da ke jakunkunanmu: dokokin iskar gas a fiziks, ƙonewar mai a kemistiri, murabba'i da kaso a lissafi, zanen fasaha a ɗakin koyon sana'a. Mai kuɗi yana sayen dawaki 638, amma wanda ya san dalilin rage matsi daga 10.7 zuwa 9.1 shi ne ya haife su.

Muna roƙon malamanmu na kimiyya, Allah ya ƙara musu haƙuri da mu, su kawo famfon keke da ma'aunin zafi cikin aji mu ga dokar da idonmu, su kuma nema mana izinin ziyartar garejin wani ƙwararren bakanike ya buɗe mana inji mu riƙe fistan da konrod a hannu. Muna roƙon iyayenmu su yi koyi da dabarar makulli biyu: wanda bai kai shekara 18 ba, bai mallaki lasin ba, kada a miƙa masa ko baƙin makullin. Muna kira ga 'yan uwanmu da ke zuwa koyon kanikanci lokacin hutu su riƙa tambayar ogansu dalilin kowane abu, kada su tsaya a ɗaure nan, kwance can. Mu kuma sauran, ranar da aka gayyace mu kallon wasan mota a titi, mu ƙi zuwa. Mai wasan don 'yan kallo yake yi.

Wanda kuma Allah ya hore masa wata rana ya mallaki irin wannan mota, har zuciyarsa ta raya masa ya ƙara mata zugazugi, ga tambayoyi biyar da zai amsa kafin a kwance kusa ko ɗaya. Ƙashin injin zai ɗauka? Ina zafin zai tafi? Wane fetur zan riƙa samu kullum? Birkina da tayoyina sun kai? A wane fili zan taka ta? In ɗaya ta gagara amsawa, ya mayar da kwalin.

Duk mai ra'ayin da ya saɓa wa namu, ya rubuto ya miƙa wa wakilin ƙungiyar 'yan jarida na ajinsa. Za mu liƙa mafi ƙarfin hujja a fitowa ta gaba, da sharaɗin ya zo da lissafinsa.